Ko Bin Doka Shi Ne Adalci?

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana damun masu tunani, watau ko duk wanda bai karya doka ba ya yi adalci ke nan? Bari mu auna ta da labarin waɗansu ma'aikatan sito a ƙasar Amurka.

Tun cikin 1935 aka kafa doka a can wadda ta ba ma'aikatan kamfanoni ikon kafa ƙungiya. In mafi yawan masu jefa ƙuri'a suka yarda, wajibi ne mai kamfani ya zauna da wakilansu a daidaita kan albashi da lokutan aiki. Amma dokar ba ta tilasta wa kowa sa hannu a yarjejeniya ba, ba ta kuma yanka ranar gama shawara ba.

To, kamfanin Amazon, mai sayar da kaya ta intanet, yana da manyan sito-sito inda mutane ke wuni a tsaye suna ɗaure kaya, na'ura tana lissafa saurin kowa. A ƙarshen watan Maris na 2022 ma'aikatan wani sitonsa da ke tsibirin Staten, a birnin New York, suka jefa ƙuri'a. Mutum 2,654 suka ce a kafa ƙungiya, 2,131 suka ƙi. Kamfani ya kai ƙara cewa zaɓen bai inganta ba. A Janairun 2023 hukumar ƙwadago ta tabbatar da shi, kamfani ya sake ɗaukaka ƙara. Har 2024 ta ƙare ba a ƙulla yarjejeniya ba.

Wani zai ce, “Ina laifin kamfani? Ai ɗaukaka ƙara hakkin kowa ne.” Gaskiya ne, kuma ƙasar da aka toshe wannan hanya ba ta zaunuwa. Haka nan mutum dubu biyun nan da suka ƙi, su ma ba a raina ra'ayinsu.

Amma fa a lura, jira ba nauyinsa ɗaya ba a kan kowa. Kamfani yana da lauyoyi da dukiya, shekara uku a wurinsa kamar kwana uku ce. Lebura kuwa kuɗin haya na jiransa ƙarshen wata. Kafin a gama shari'a, wani ya gaji ya bar aiki, wani zuciyarsa ta karaya. Ashe ana iya kayar da mutum da jinkiri kaɗai, ba tare da an taɓa ko harafi ɗaya na doka ba.

Saboda haka doka shinge ce, iyakarta ta nuna inda ba a ƙetarewa. Abin da mutum ya shuka a cikin shingen, wannan halinsa ne. Masu iya magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma mai kamfani ya fi kowa sani, don hannuwa dubbai ke ɗaukar masa kaya kullum. In masu hannuwan nan suka haɗa baki suka nemi zama, adalci shi ne a shimfiɗa musu tabarma tun suna da ƙarfin zaman.