Marar Dangi da Marar Gida

Masana sun jera kowane abu mai rai gida-gida, kamar yadda Littafin Farawa ya jera zuriyar mutane. A cikin jerin nan akwai biyu da suka isa a tsaya a kansu.

Na fari shi ne aksolotul, mai kama da ƙadangare, amma dangin kwaɗo ne, a ruwa yake zaune. In ƙafarsa ta guntule, wata takan tsiro. Gidansa ɗaya ne tak a duniya, wato magudanan tafkin Sochimilko a birnin Meksiko. A 1998 an ƙiyasta wajen 6,000 a kowace murabba'in kilomita, a 2014 saura 36. Ƙazantar birni ta ɓata ruwan, karfasar da aka zuba domin abinci kuma tana cinye 'ya'yansa. A 2006 ƙungiyar IUCN ta sa shi a sahun waɗanda suke bakin ƙarewa. Duk da haka yana da 'yan'uwa na kusa, iri wajen talatin.

Na biyu itacen ginko ne na ƙasar Sin, ganyensa kamar mahuci. Haɗarinsa bai kai na aksolotul ba, mataki ɗaya yake ƙasa. Amma shi kaɗai ya rage a dukan zuriyarsa. 'Yan'uwansa, sai dai a ga sawun ganyensu a jikin dutse.

To, in ƙarfi bai isa a ceci duka biyu ba, wa ya fi hakki, marar dangi ko marar gida?

Waɗansu sukan ce babu asara ko kaɗan, gama ana dasa ginko a titunan Tokiyo da Niyok, aksolotul kuwa ana kiwonsa cikin akwatunan gilashi tun da aka kai shi Faris a 1864. Wannan magana da sauranta. Nuhu ya shigar da dabbobi cikin jirgi, gaskiya ne, amma da ƙasa ta bushe ya buɗe musu ƙofa. Ginko da aka dasa a titi yana cikin ƙasa, yana shan ruwan sama. Aksolotul na gilashi har yanzu a jirgi yake, ƙasar da zai sauka kuwa tana lalacewa. Saboda haka shi ya kamata a fara dubawa.

Manoman Sochimilko kaɗan sun riga sun soma. Suna tare bakin magudanan gonakinsu da matata ta tsakuwa da ciyayi, karfasa ba ta shiga, ruwan da suke ban ruwa da shi kuma yana tsabtata.