Waƙar da Ba Ta Ƙarewa a Cikin Mota



Asabar ɗin da ta wuce na shiga motar haya daga Kano zan je ɗaurin aure Kaduna. Tun ba mu fita gari ba direba ya soka filashi a rediyon motar, kiɗa ya tashi. Na ce a raina ai waƙa ɗaya ce, minti biyar ta ƙare. Ashe irin haɗin nan ne na 'yan DJ da samari ke ce wa mikis, waƙa na faɗawa cikin waƙa ba numfashi. Muka wuce Kwanar Ɗangora, muka wuce Tashar Yari, har muka hango Zariya abin bai yi shiru na daƙiƙa ɗaya ba.

Wata dattijuwa a kujerar baya ta ce, "Ɗan nan, don Allah rage mana, kaina zai tsage." Ya ce, "Hajiya ki yi haƙuri, shi ke hana ni gyangyaɗi." Ya ɗan rage, ba a jima ba ya mayar. Ni ma na yi shiru, kuma shirun nan nawa ne ya dame ni har na zauna rubuta wannan.

Waɗanda suka riski zamanin kaset za su tuna: gefe ɗaya minti 30 ne, in ya yi tsawo 45, sai ka ji ƙas, ya tsaya. Kafin direba ya juya shi, wani ya ce a tsaya a yi sallah, wani ya yi salati, wani ya tuna bai yi addu'ar tafiya ba. Faifan CD ma bai wuce minti 80. Yau fa? Waƙar MP3 ta yau da kullum minti ɗaya ba ya cin fiye da kusan megabayit ɗaya, don haka filashi mai giga 8 zai ɗauki sama da awa 130. Kwana biyar ke nan dare da rana. Kuma shi mai haɗa mikis gwanintarsa ita ce ya toshe gurbin da ke tsakanin waƙoƙi don kada ka samu inda za ka sauka. To a wannan gurbin ne zuciya take farfaɗowa.

Hukuncin kiɗa kansa ba sabon zance ba ne. Jumhurun malamai, har da mazhabobi huɗu, sun tafi a kan haramcin kayan kiɗa ban da duffi a biki da idi. Suna kafa hujja da hadisin da ke cikin Bukhari game da mutanen da za su zo su halatta zina da alharini da giya da kayan kiɗa, da kuma tafsirin Ibn Mas'ud ga aya ta 6 a Suratu Luƙman. Ibn Hazm ya saɓa musu, wasu malaman zamani sun bi shi. Ni ina kan ra'ayin jumhur. Amma yau ba gardamar nan na zo yi ba, domin ko waɗanda suka sassauta ba su halatta waƙar batsa ba, ba su halatta abin da zai shagaltar da kai daga sallah ba. Kuma babu malamin da ya ce ka ɗura wa wani a kunne abin da ba ya so.

Nan ne maganar take. Fasinja kuɗin kujera ya biya, bai sayar maka da kunnensa ba. A gida in ba ya son abu sai ya tashi. A mota tana gudun kilomita 100 ina zai je? Akwai mara lafiya, akwai mai zuwa gaisuwar mutuwa, akwai uba da 'yarsa budurwa a gefe, sai ga baitin da ko a gaban aboki ba ka iya maimaitawa. Kai ma ba ka san yana ciki ba, ɗari biyu ko uku ka ba mai turawa ka ce ya cika maka. Aya ta 36 a Suratul Isra'i ta gaya mana za a tambayi mutum game da jinsa. Wanda ya kunna wa mutum shida, ya lissafa da kansa.

Batun gyangyaɗi kuwa, ban ƙaryata direban ba, aikinsu da wahala wallahi. Sai dai ƙara ba ta maganin barci, tana ɗan jinkirta shi ne, kuma ta toshe maka jin hon na tirelar da ke bayanka. Wanda barci ya kama, ya gangara gefe ya kwanta minti ashirin. Mai laluben waƙa a waya shi ma ya sani: a gudun 100, daƙiƙa uku da ka sunkuya motar ta ci sama da mita 80 ba mai kallon hanya.

Sai sallah. Matafiyi an yi masa rangwame ya yi ƙasaru, ya haɗa azahar da la'asar, ko magariba da isha. Ba a haɗa la'asar da magariba. Sau nawa rana ke faɗuwa a kan hanya, mota cike da Musulmi, ana jiran wai waƙa ta kai ƙarshe? Ga shi addu'ar matafiyi na cikin waɗanda hadisi ya ce ana amsawa, awa uku ana buɗe maka ƙofa kai kana kaɗa kai.

Kada masu sa karatu su ce sun tsira. In ka kunna Alƙur'ani kana hirar ƙwallo a kansa, duba aya ta 204 a Suratul A'araf: umarni ne a saurara a yi shiru. Ko dai a saurara ko a kashe. Wa'azi ma in akwai wanda ba Musulmi ba a motar, ko ka ga mutane sun gaji, sassauta murya ya fi kusa da hikima.

A dawowa na samu wani direban. Kafin ya taɓa rediyo na ce, "Malam direba, don Allah a bar mu mu yi addu'ar tafiya tukuna, kuma in la'asar ta yi a tsaya mana." Ya ce, "Ba komai Malam, ai ba wanda ya taɓa tambaya ne." Muka yi la'asar a wani ɗan masallaci bakin titi bayan Zariya, shi ne ma ya tayar da iƙama.

Wallahu a'alam.