Shin Jin Daɗi Sai Ranar Biki?

Masu hikima sun ce Sallah bikin ɗaya rana. A cikin kwana 354 na shekarar Hijira, Sallah biyu ce kacal. Haka nan suna, yini guda ne, da an watse shi ke nan. Ashe wanda ya ɗaure farin cikinsa ga biki ya yi asarar mafi yawan kwanakinsa.

To, ina daɗin sauran ranakun yake? Yana nan cikin abubuwan da sabo ya sa muka raina: kokon safe da ake sha tare, jaririn da ya fara rarrafe, yarinyar da ta nace sai an maimaita mata tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi.

Magidanci a Ikko, wanda yakan fita tun asuba, cunkoson motoci ya maido shi bayan isha'i, zai ce wahalar duk don yaran ce. Gaskiya ne, ciyar da iyali wajibi ne. Sai dai kuɗin da ya kuɓuce bana ana iya samunsa baɗi, amma yaron da aka yaye ba ya komawa goyo. Saboda haka, ya kamata mai iyali ya ware wa gidansa lokaci kamar yadda yake ware masa kuɗin cefane.