Jirgin ƙasa a kan ƙyauren ɗaki

Ƴan'uwa ɗalibai, akwai wani wasa da manya ke yi a ƙasashen Turai da Amurka da Japan: mutum ya gina ɗan ƙaramin layin dogo a cikin ɗakinsa, da tasha, da taragu, da kan jirgi mai tafiya da lantarki. Na san wani zai ce, mu da ke Gidigir, da yawanmu ba mu taɓa ganin jirgin ƙasa ido da ido ba, ina ruwanmu? To, a yi haƙuri. Wasan yana ɗauke da tambayar da ta shafe mu fiye da su: in wurinka ya yi kaɗan, me za ka ɗauka, me za ka bari?

Mu fara da lissafi. Ma'aunin da aka fi amfani da shi ana ce masa HO, inda ake rage komai sau 87. Kilomita ɗaya tak na hanya zai ci mita 11 da rabi. Akwai ƙarami, N, mai ragi sau 160. Shi ma kilomita ɗaya sai ya ci mita 6 da ɗoriya. Yanzu ka ciro ƙyauren ɗaki mai tsawon mita 2 ka kwantar. A ma'aunin HO, mita 174 kawai ka samu. Ko kasuwarmu ba ka ƙetare ba, balle ka kai Gure ko Damagaram.

Sabon shiga yakan so ya cusa komai: dutse, gada, birni, teku. Sai ya lanƙwasa layin ya yi da'ira, jirgi ya riƙa kewayawa kamar akuya a turke. Kwana uku ya gaji, ya rufe da tabarma. Taura biyu ba ta taunuwa, ina ga goma.

Wani Bature a Ingila, Alan Wright, ya bi wata hanya. A kan katakon da bai fi mita ɗaya da ɗan wani abu ba, ya shimfiɗa layi ɗaya da ya rabu gida uku. Reshe ɗaya na ɗaukar tarago 5, sauran biyun 3-3. Taragu 8 ne a filin. Aikinka shi ne ka jera 5 daga ciki bisa tsarin da ƙuri'a ta ba ka, alhali kan jirgi ba ya iya ja da baya da fiye da 3 a lokaci guda. Tsarin da zai iya fitowa ya kai 6,720. Ana kiran wasan Inglenook, har yau ana yin sa. Ba dutse, ba teku, amma jirgin yana da aikin yi.

Abin da Wright ya gane, ƙannenmu sun daɗe da sani. Dubi yaron da ke ƙera mota da kara, ko da waya da gwangwanin sardin da tsohon silifa. Ba ya wahalar da kansa da kujeru ko madubi. Taya dole ta juya, sitiyari dole ya karkata, baya dole ya ɗauki kaya, ko da ƴan dabino uku ne. Babu wanda ya koya masa a lakwal, amma ya tambayi kansa: mota don me take? Abin da ya amsa tambayar ya bari, sauran ya zubar. Wannan zubarwar ita ce tunani.

Yanzu mu koma kan jirgin gaske. Layin dogo ya isa Kano a 1911, reshensa ya kai Nguru, can kudu da mu, a 1930. Turawa ba don ƙaunarmu suka shimfiɗa shi ba. Gyaɗa da fatu suke so su kai bakin teku. Zalunci ne, amma sun san me jirgin zai ɗauka, daga ina, zuwa ina. A ƙasarmu kuwa, tsakanin 2014 da 2016 an shimfiɗa kusan kilomita 140 daga Yamai zuwa Doso, an gina tasha, an yi biki. Ba a kai ga haɗa shi da layin Parakou da ke sauka Kwatano ba, kuma bai zama hanyar fatauci ba. Kilomita 140 da ba su haɗa kowa da kowa ba, katakon Wright ya fi su ma'ana. A 2021 an aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi. Allah ya sa a ƙarasa. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Wani zai ce: kai malam, wannan ai daɗin baki ne, kana so mu yi murna da talauci. A'a. Rashi ba ado ba ne. Ɗalibin da ke karatu da tocilan salula, su biyar a ɗaki guda, yana da haƙƙin ya nemi lantarki da ɗaki mai faɗi, kuma ya ɗaga murya. Dangana daban, mutuwar zuciya daban. Abin da nake cewa shi ne, ƙunci ba ya ɗauke maka alhakin zaɓi, ƙara maka shi yake. Mai fili da yawa yana iya ɓarna ba a gani ba. Kai da ke da jika biyu a aljihu da awa biyu bayan Isha, duk abin da ka saka a ciki ya kori wani abu. In Facebook ya shiga, littafi ya fita. Ba wanda zai yi maka wannan lissafin.

Akwai kuma wata yaudara da ta fi talauci haɗari: jiran babban wuri. "Sai na je Yamai." "Sai na samu burs." "Sai na ƙetare." Da yawa sun je, sun samu falo mai faɗi, suka gina da'ira. Wanda bai san don me jirginsa ke tafiya ba a kan mita biyu, ba zai sani ba a kan kilomita dubu.

Ga gwaji ga mai so, ba ya cin ko dala. Ka samu kwali, ka ja layi uku kamar na Wright, ka yi taragu 8 da kwalin ashana. Ka rubuta musu abin da kwaruruka da kasuwannin yankinmu ke fitarwa: kanwa, dabino, rake, rogo, bisashe. Ka ba su inda za su, ka jera su da hannu ba tare da ka ɗaga ko ɗaya daga layi ba. Kafin ka gama za ka ga cewa sau da yawa sai ka ja da baya kafin ka yi gaba, kuma taragon da ka fi buƙata yakan kasance a can ƙurya.

Sannan ka juya kwalin, ka rubuta abubuwa 8 da kake so a wannan shekara. Biyar kaɗai jirgin zai ja. Waɗanne uku za ka bari a tasha?