Wa Zai Ɗauki Zunubin Daso?

Ranar Talata, 9 ga Afrilu 2024, ana jajibirin ƙaramar Sallah, labari ya iso mana Duwala cewa Saratu Giɗaɗo ta rasu a Kano. Ta yi sahur, ta kwanta, ba ta tashi ba. Shekarunta 56. Da yamma na buɗe layi a shirina domin masu sauraro su yi ta'aziyya. Wata dattijuwa ta kira daga New Bell, ta yi mata addu'a sosai, sannan ta ce ita fa har ga Allah ba ta taɓa ƙaunar matar nan ba, saboda azabar da take gana wa marayu.

Na ce, “Hajiya, ai wasa ne.” Ta ce ta sani, amma wanda bai da abu a zuciya ba ya iya kwaikwayonsa haka.

Maganar nan ta hana ni sakat. Tun fim ɗin Linzami Da Wuta a shekarar 2000, Daso ta shafe sama da shekara ashirin tana fitowa a muguwar kishiya, ko uwar miji mai bin bokaye, ko matar uba da ke hana ɗan miji tuwo. Mun kalle ta a kaset, mun kalle ta a faifai, har aka zo zamanin waya. Ga mace Bahaushiya kuwa, suna shi ne jari. Jarumar da ke kuka a fim ita ake yi wa sha tara ta arziki. Wadda ta sa ta kukan, sai dai harara a gidan biki, kuma 'ya'yanta su ji ana faɗa a makaranta.

Akwai masu cewa nuna mugunta koyar da ita ne. Ban raina hujjarsu ba, na san akwai finafinan da ke yi wa sharri kwalliya. Amma na Daso ba haka ba ne, ba wanda ya tashi daga kallonta yana burin zama ita. Kuma makircin da ta nuna ba Kano ya tsaya ba. Yana nan a unguwarmu, a gidan haya mai ɗaki goma da famfo ɗaya, inda kowa ke jin kukan yarinyar riƙo ta bango, kowa kuma ya yi kamar barci yake. Ina zargin tsanar Daso ta fi mana sauƙi ne a kan ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabciya.

A Ingila ma an yi irinta. Sarah Siddons, wadda ta rasu a 1831, ta yi suna ne da fitowa a matar Macbeth, wadda ta zuga mijinta ya kashe sarkin da ya sauka baƙo a gidansu. Turawa ba su ɗora mata jinin ba, mutum-mutuminta suka kafa a cocin Westminster, inda aka binne da yawa daga cikin sarakunansu na dā. Ba gunki nake nema wa Daso ba, Allah ya kiyaye. Abin da nake nema mata bai kai haka ba: a raba ta da matan da ta ara wa fuskarta.

Bayan Sallah dattijuwar nan ta sake kira. Na ɗauka gardamar za mu ci gaba. Ashe so take in gaya mata sunan wani tsohon fim da Daso ta kori surukarta cikin dare. Ta ce tana son ta nuna wa ƙanwarta, wadda ɗanta ya yi aure bara.