Kwali Ko Abin Da Ke Ciki?

Gabatarwa

Kwanakin baya muna zaune a wani kanti da ke bakin babban titin da ya ratsa garin Tambuwal, muna jiran rana ta yi sanyi, sai ga wani saurayi ya sauka daga kan babur, ƙura ta yi masa buɗu-buɗu. Daga Kebbe ya taso. Ashe yana da ɗan shago a can inda yara ke biyan kuɗi su buga wasan bidiyo, wato abin da suke kira gidan gem. Makonni uku ke nan da ya ba mai kantin kuɗin albasar da ya noma da rani, domin a sayo masa sabon faifan wasan ƙwallo na asali. Mai kanti ya jawo kayan ya miƙa masa. Saurayi ya juya gaba, ya juya baya, sai fuskarsa ta sauya. Ledar da kamfani ke naɗe gidan faifan da ita ta yage an liƙe da salatif, kuma kusurwar gidan ta tsage.

Ya ce, "Baba, wanga abu an taɓa buɗe shi."

Mai kanti ya yi dariya ya ce, "Ɗana, kwali za ka kunna ko abin da ke ciki?"

Aka tayar da janareto, aka saka faifai a na'ura, wasa ya tashi lafiya lau. Amma duk da haka ran saurayin bai kwanta ba, kuma nan take mazauna wurin suka rabu gida biyu. Tun daga ranar muke juya wannan magana a zuci, domin mun lura cewa ta wuce batun wasan yara. Tambayar ita ce: idan mutum ya biya kuɗin sabon abu, aka ba shi abin da lafiyarsa amma marufinsa ya lalace, shin an ba shi haƙƙinsa ko an tauye shi?

Hujjar mai kanti

Bari mu fara yi wa mai kanti adalci. Masu iya magana sun ce fankam-fankam ba shi ne kilishi ba. Wanda ya sayi goro ba ganyen huhu zai tauna ba, wanda kuma ya sayi rediyo ba kwalin zai saurara ba. Amfanin faifan wasa yana cikin abin da aka naɗa a jikinsa, kuma ga shi an gwada, ya yi aiki a gaban kowa.

Bugu da ƙari, duk wanda ya san hanyar da kaya ke bi kafin su iso mana ba zai yi mamakin tsagewar roba ba. Kayan lantarki da yawa daga kasuwar Alaba ta Legas suke tasowa, su biyo ta Ilori da Kwantagora da Yawuri da Jega kafin su sauka Tambuwal, ko kuma su zagayo ta Kano da Sakkwato. A loda, a sauke, a danne su da buhuna, a ratsa ramuka da su. Kayan da suka sha wannan gwagwarmaya suka iso da rai, ai sai a gode wa Allah. Ɗan kasuwar da ribarsa ba ta taka kara ta karya ba, idan aka ce duk kwalin da ya lotsa shi zai ɗauki asara, to gobe ba zai sake kawo kayan ba, kuma mu ne za mu koma muna hawa mota zuwa birni saboda abin da bai kai kuɗin motar ba.

Hujjar mai saye

Sai dai shi ma saurayin ba shirme yake yi ba. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Idan muka natsu, za mu ga marufi ayyuka uku yake yi. Na farko kariya, wato ya tsare kaya daga ƙura da danshi da buguwa. Na biyu ado, domin ya ja idon mai saye. Na uku kuwa, wanda ya fi kowane nauyi, shi ne shaida. Ledar nan da kamfani ya rufe da inji, ita ce ke ce wa mai saye, tun da na baro ma'aikata babu hannun da ya shiga cikina.

To me ake nufi da "sabo"? Faifan da aka buga sau goma aka goge shi da ƙyalle, da wanda ba a taɓa bugawa ba, ido ba zai iya bambance su ba. Amma kuɗinsu ba ɗaya ba ne, domin sabon wasa na asali a kasuwannin Amurka yakan kai dala 60 zuwa 70, na hannu kuwa yakan faɗi ƙasa da haka sosai. Har ila yau, wasu wasannin sukan zo da 'yar takarda mai lambobin sirri da ake amfani da su sau ɗaya tak ta intanet, kuma wanda ya riga buɗewa zai iya cinye su ya mayar da fanko. Ke nan abin da saurayin ya biya kuɗi mai yawa dominsa ba faifai kaɗai ba ne, har da tabbacin cewa shi ne na farko. Da leda ta yage, wannan tabbacin ya tafi, abin da ya rage sai maganar mai kanti. Ita kuwa magana, darajarta gwargwadon gaskiyar mai ita.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ƙaramin abu ne. A shekarar 1982, a birnin Shikago na Amurka, mutum bakwai sun mutu bayan sun sha maganin ciwon kai na Tylenol wanda wani ya buɗe kwalabensa ya zuba guba ya mayar kan kanta. Daga nan ne aka tilasta wa kamfanoni su riƙa rufe magani da hatimin da ba ya buɗuwa sai ya bar alama. A nan gida ma, hukumar NAFDAC da aka kafa a 1993 ta sha jan kunnen jama'a su duba marufi da lambar rajista da ranar lalacewar magani kafin su saya. Faifan wasa ba ya kisa, amma ƙa'idar ɗaya ce: hatimi amana ce tsakanin mutanen da ba su taɓa ganin juna ba.

Abin da magabata suka shimfiɗa

Wani zai ce wannan matsala ce ta zamani wadda malamanmu ba su san da ita ba. Ba haka ba ne. Duk wanda ya zauna a zauren karatu a ƙasar Sakkwato ya bi Risala ta Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan da ya rayu a ƙarni na 10, ya san an halatta sayen kayan da ke cikin dila ba tare da an kwance ta ba, bisa dogaro da takardar da ta siffanta abin da ke ciki. Imam Malik ma ya kawo wannan babi a Muwaɗɗa. Dalili kuwa shi ne, kwance dila da sake ɗaure ta a gaban kowane mai tayi wahala ce, kuma yana ɓata kaya. Ashe tun wancan lokaci an san ciniki a rufe, an kuma gina shi a kan sharaɗi guda: abin da aka faɗa ya zama shi ne a ciki. In ya saɓa, mai saye na da ikon mayarwa. Wannan shi ne bambancinsa da cinikin biri a sama.

Sannan littafin ya ba mu ma'auni mai sauƙi wanda ya warware rigimar kantin nan tun kafin a haifi masu ita. Ma'anarsa ita ce, bai halatta mai sayarwa ya ɓoye wani abu game da hajarsa ba, matuƙar faɗinsa zai sa mai saye ya ƙi ta, ko ya sa kuɗinta ya ragu. Mu duba fa da kyau. Ba a ce sai abin ya hana kaya aiki ba. Cewa aka yi, in ya sani zai ƙi, ko zai rage kuɗi. To mu tambayi kanmu: da za a ajiye faifai biyu a kan kanta, ɗaya a rufe ɗaya a yage, kuɗi ɗaya, wane ne zai ɗauki yagaggen? Babu. Shi kansa mai kantin ba zai ɗauka ba a wurin dillalinsa. Tun da haka ne, yagewar aibi ce a al'adar kasuwa, ko da ƙarama ce.

Kowa kuma ya san labarin da ya zo a hadisi, na lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tura hannunsa cikin tarin hatsi a kasuwa ya ji danshi a ƙasa. Mai hatsin ya kawo uzurin cewa ruwan sama ne ya taɓa shi. Ba a zarge shi saboda ruwan sama ba, domin ba shi ya saukar da shi ba. Abin da aka zarge shi a kai shi ne rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani. Haka nan ramukan hanya ba laifin mai kanti ba ne. Tambayar ita ce, wa ya liƙa salatif, kuma don me?

Inda mai saye ke wuce gona da iri

Amma adalci ba ya tsayawa a gefe guda. Akwai masu saye da ke mayar da ɗan ƙarzane a jikin kwali makamin ƙwarar ɗan kasuwa. Sun san sarai kayan lafiya lau suke, hatimi bai taɓu ba, amma sai su tayar da jijiyar wuya don a rage musu rabin kuɗi. Wannan ma cin haƙƙi ne, sai dai ya sanya rigar mai neman haƙƙi. Haka kuma wanda aka nuna masa aibi tun farko, aka rage masa kuɗi, ya karɓa da hannu biyu, ba shi da bakin dawowa gobe yana ƙorafi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Akwai kuma wata cutar da ta fi wannan, wato son marufi fiye da abin da aka rufe. A watan Yuli na 2021, a wani gwanjo da aka yi a Amurka, an sayar da kwafi ɗaya na wasan Super Mario 64 a kan dala miliyan 1 da dubu 560. Wasan ya fito ne a 1996, kuma a lokacin bai kai dala 100 ba. Abin da ya ba shi wannan daraja shi ne ba a taɓa yage ledarsa ba, kuma ranar da mai shi ya buɗe don ya buga, ranar dukiyarsa ta zube. Wato an sayi wasa da sharaɗin ba za a taɓa yin wasa da shi ba. Kafin mu yi musu dariya, mu tuna da jeren kwanonin da ke ɗakunan amarenmu waɗanda har su tsufa ba za a ci tuwo a cikinsu ba, da kujerun da ake bari cikin leda shekara da shekaru.

Yadda aka rabu

Wani dattijo da ke gefe yana jan carbi shi ne ya kashe wutar. Bai tambayi ko faifai na aiki ba. Cewa ya yi da mai kanti, "Alhaji, tsakaninka da Allah, haka ya zo maka, ko kai ka liƙe?" Mai kanti ya yi shiru, sannan ya ce a yage ya iso, shi ne ya liƙe don kada yaron ya ƙi karɓa. Dattijo ya ce, "To da ka bar shi a yage ka gaya masa, da yanzu ya kai Kebbe." Aka ba saurayi zaɓi, ko ya karɓi kuɗinsa, ko a yi masa ragi. Ya zaɓi ragi, suka yi musabaha. Abin lura, ragin da aka yi masa bai fi kuɗin man babur ɗinsa ba. Ashe tun farko ba kuɗin ne ya dame shi ba, abin da ya ƙi shi ne a mayar da shi wanda bai san abin da yake yi ba don ya fito daga ƙauye.

Kammalawa

'Yan'uwa marubuta, kada mu ce wannan ba ruwanmu, domin mu ma masu sayar da kaya a rufe ne. Mai sayen littafi ba ya karanta shi kafin ya biya. Bango yake gani, da suna, da 'yan layukan da muka rubuta a baya. Mai karatu zai yafe mana bangon da ya lanƙwashe a hanyar Kano zuwa Tambuwal, zai yafe tawadar da ta dushe. Abin da ba zai yafe ba shi ne mu ɗauko tsohon labarin wani mu sauya sunayen taurari mu ce sabo ne, ko mu ja labarin da bai wuce littafi ɗaya ba har kashi uku don a sayi uku, ko mu rubuta a bango abin da babu shi a ciki. Wannan shi ne namu salatif ɗin.

Saboda haka amsarmu ita ce, lalacewar marufi tana da muhimmanci gwargwadon abin da ta ɗauke. In ado ta ɗauke, a yi haƙuri, ko a yi ɗan ragi. In shaida ta ɗauke, to kalmar "sabo" ta faɗi, sai a sake ciniki bisa yarda. A kowane hali kuwa, wajibin mai sayarwa ne ya riga mai saye faɗa. Kasuwannin garuruwa irin namu ba su da takardar garanti ko ofishin kai ƙara a kusa, jarinsu shi ne mutum ya ba da kuɗin albasarsa ya tafi gida makonni uku hankali kwance. Ranar da wannan ya ƙare, babu ledar da za ta maye gurbinsa.

Allah Ya sa cikinmu ya fi bangonmu kyau, amin.