Motar Jama'a: Wa Za Ta Fara Ɗauka?

 

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, duk wanda ya san gundumomin Tasawa da Mayahi ya san cewa da zarar an sauka daga kwaltar da ta tashi daga Maradi zuwa Damagaram, to rairayi ne ke mulki. Mutumin Urafan ko na Kanambakashe yakan jira ranar kasuwa kafin ya samu mota. Idan damina ta kankama, ruwa ya kwanta a Gulbin Kaba, wata hanyar ma sai amalanke. A shekarun 2005 da 2006 gwamnati ta yi dokar tiyatar haihuwa kyauta da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta, amma dokar ba ta ɗauko mai naƙuda daga ɗakinta ta kai ta likita. Saboda haka ne muke ganin dacewar mutanen gari su haɗa kuɗi su sayi mota, wadda za a kira ta salula ta zo ƙofar gida.

Haɗa kuɗi ba baƙon abu ba ne gare mu. A jihar Maradi ne aka fara asusun Mata Masu Dubara a shekarar 1991, kuma yau ana koyi da shi a ƙasashe da yawa. Tambayar da ke da wuya ita ce wadda kan taso bayan an sayo motar. Wanda bai zuba ko dala ba, yana da haƙƙi a cikinta?

Wasu za su ce ba ya da shi, kuma maganarsu ba shirme ba ce. Mai ba ya zuwa kyauta, taya tana fashewa, direba yana da iyali. Idan kowa zai shiga ba tare da biya ba, kafin shekara motar tana kan duwatsu a bayan masallaci, kuma wanda zai fi cutuwa shi ne talakan da aka ce ana tausayi. Mutane su yi tarayya a dukiya su keɓe amfaninta ga kansu halal ne. Sai dai irin wannan sunanta motar kamfani, kada a nemi sadaka a masallaci da sunan ta jama'a ce.

Amma ko da ta kamfani ce, akwai iyaka. Ceton rai farilla ce ta kifaya. A cikin Mukhtasar, Shehu Khalil ya ɗora lamuni a kan wanda ke da rarar abinci ko ruwa ya hana wanda lalura ta kama har ya halaka. Mu a ganinmu, mota da ke tsaye da mai a cikinta, ga mace jini ya ɓalle mata a wata tunga, ba ta yi nisa da wannan hukunci ba. A ɗauke ta tukuna. Idan mijinta mai hali ne, bashi ya hau kansa, a bi shi bayan suna. Idan ba ya da shi, asusu ya ɗauka, kuma asusun zai iya, matuƙar mai zuwa kasuwa da mai zuwa biki suna biyan cikakken kuɗi har da ɗan ƙari.

Saura wadda ta fi ɗaci, wadda ba mu cika son faɗa a gaban manya ba. Salular direba ta yi ƙara sau biyu a dare ɗaya. Kira na farko daga gidan Alhajin da ya ba da rabin kuɗin motar, yana son a kai shi Tasawa ya kama motar asuba. Na biyu daga rugar Fulani, yaro yana suma. Babu mai shakkar amsa idan ana zaune a masallaci. Amma direba ba a masallaci yake ba, shi kaɗai ne cikin duhu, kuma ya san wanda ya sa aka ɗauke shi aiki. Sayyidina Usmanu ɗan Affan, Allah Ya yarda da shi, ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya yi wakafinta, gugansa bai wuce gugan kowa ba. Wanda ya bayar domin Allah ya riga ya fitar da abin daga hannunsa. In kuwa yana son a fifita shi, ya faɗa tun ranar tara kuɗi, jama'a su san abin da suke karɓa.

Muna sane cewa wani mai hali zai ji wannan ya janye hannunsa, har sayen motar ya yi jinkirin shekara. Wannan hasara ce ta gaske. Duk da haka, ba adalci ba ne a bar wa direba nauyin da dattawa suka ji kunyar ɗauka. A rubuta ƙa'idar, liman ya karanta ta bayan sallar Juma'a, da Alhaji da Ardo suna zaune, sannan a miƙa makulli.